Taurari Biyar ɗin da Suka Kashe Min Aiki

Yau a ƙule nake wannan rubutun, don haka duk wadda ta shigo neman kalaman soyayya masu sanyaya zuciya ta yi min haƙuri. Wai ni za a taimaka wa har a kashe min aikin da na ƙarar da idanuna a kansa, sannan a ce in fito falo in yi godiya da murmushi. Kai jama'a, ku dai saurara ku yi mana alƙalanci.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sana'ata haɗa wasannin waya. Wani ɗan kamfani nake wa aiki, ɗaki biyu a saman shagon masu sayar da fenti, inda warin fenti ke biyo matattakala tun safe ya zauna mana a hanci. Har yau in aka tambayi Mama aikina, cewa take, "Aikin kwamfuta take," ta yi maza ta sauya zance. A ganinta, a ce autarta ta gama karatu ta ɓige da haɗa wasa, abin a rufe ne.

Wasanmu na kiwon kaji ne. Za ka fara da 'yan tsaki, ka ba su dusa da ruwa, su girma su yi ƙwai, ka sayar ka faɗaɗa akurki. Mutane sun so shi ƙwarai, sai dai yana da wata muguwar cuta. In kana cikin wasan aka kira ka a waya, ko ka ɗauka ko ka ƙi, kana komawa za ka tarar da akurki wayam. Duk kajin da ka sha wahalar tarawa sun tafi, ko gashinsu ba za ka gani ba.

To a shagon da ake sauke wasanni, kowa yana da damar ba da taurari, daga ɗaya zuwa biyar, ya kuma rubuta ra'ayinsa a ƙasa. Namu a uku suka tsaya, ra'ayoyin kuwa sai wanda ya gani. Wani ya ce Allah ya isa tsakaninsa da mu. Wata baiwar Allah ta rubuta: "Maigidana ya kira ni yana tambayar makullin mota, kajina suka ɓace. Makullin kuma a aljihunsa yake. Har yanzu ba na yi masa magana."

Za ku ce wannan zagi ne, ni kuwa shi ne ya riƙe min aiki. Gyaran wasa kyauta ake sakinsa, wanda ya riga ya sauke ba zai ƙara biyan komai ba, don haka Manajanmu ba ya son jin zancensa. Yana da wata ƙa'ida da yake maimaita mana, yana tsaye bakin taga yana ɓare gyaɗa yana zuba ɓawon a aljihun rigarsa.

"Wasan da ya faɗi taurari biyu gawa ne, ba na yi wa gawa magani. Wanda ya kai biyar lafiyarsa ƙalau, ba na kai lafiyayye asibiti. Na tsakiya kaɗai nake ɓata wa lokaci."

Da wannan ukun na samu ya amince min in yi gyaran. Na tono cutar har na gano tushenta, Mai Zane, abokiyar aikina da ke zana mana kajin, ta ƙara da agwagi masu tafiya suna rangaji don mu wanke laifinmu. Duk wanda ya yi ƙorafi, da hannuna na bi shi na rubuta masa, "Ka yi haƙuri, gyara yana nan tafe ƙarshen wata, kuma kyauta ne." Ku riƙe wannan alƙawarin, don a kansa komai ya faru.

Yanzu sai Mai Taya, mai neman aurena. Ɗan ƙawar Mama ne, dogo, mai fara'a, yana da babban shagon tayoyi a bakin titi. Komai yawan turaren da ya fesa sai ka ɗan jiyo warin roba a ƙarƙashi. Wallahi ba shi da mugun hali, matsalarsa ɗaya ce, ba ya bari ka kai ƙarshen magana. Na taɓa cewa ƙofar gidanmu tana ƙara, washegari sai ga mai walda da kayan aikinsa, alhali mai kawai take so. Na ce kaina yana ciwo, ya aiko da magani cikin kwali kamar zan buɗe kemis. Mama kuwa ta kafa ta tsare, safe da yamma tambaya ɗaya ce.

"Auta, yaushe za ki ba yaron nan amsa?"

"Mama, ina tunani."

"Tunanin me? Ƙasa za ki mulka?"

Ranar wata Asabar da la'asar ya zo. Na fito da doguwar rigata ruwan toka mai sauƙi, Mama ta kalle ni sama da ƙasa ta ce in koma, wai na yi kama da mai zuwa gaisuwar rashin lafiya. Dole na sa koriyar nan mai duwatsu a wuya, wadda ke sosa min fata, na yafa mayafi mai ruwan madara. Na same shi a kujerar da ke kusa da fanka, ya ajiye makullin motarsa a kan tebur, ya jera wayoyinsa biyu a gefe.

"Ranki ya daɗe, na ga kin faɗa. Aikin ne?"

"Aikin ne fa. Dubi yadda ake wanke ni a nan."

Na miƙa masa wayata yana karanta ra'ayoyin. Dariya nake, ina shirin in ce masa wannan wankin shi ne gatana, sai Mama ta ƙwala min kira daga kicin in zo in ɗauki tire. Kafin in dawo da lemo da kofuna, na tarar fuskarsa ta sauya, ya haɗe gira yana danna waya da manyan yatsunsa biyu.

"Mutane ba su da tarbiyya," ya ce. "Kada ki ƙara sa abin nan a ranki. An gama."

"An gama me?"

"Ki dai sha lemonki."

Da na san abin da wannan "an gama" ɗin ke ɗauke da shi, da na ƙwace wayoyin biyu na tsoma su a jug ɗin lemo.

Bayan 'yan kwanaki ina shiga ofis, ko jakata ban ajiye ba, Mai Zane ta yafito ni da hannu, ɗaya hannun a kan bakinta.

"Zo ki ga ikon Allah."

Na leƙa kwamfutarta. Taurarinmu sun tashi daga uku sun doshi biyar. Na ja kujera na fara karanta sababbin ra'ayoyin.

"Wasa mai kyau, Allah ya yi wa mai shi albarka."

"Yarinya ce mai ladabi, na san ta tun tana goye."

"Ban iya ba, amma yana da kyau sosai."

"Allah ya sa a yi da mu, ya kawo zuri'a ɗayyiba."

"Tayoyinsa ma akwai inganci."

Mai Zane ta kife kai a tebur tana dariya har da hawaye. Ni kuwa kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage in shige. Daga baya na ji yadda aka yi. Duk direban da ya tsaya shagon Mai Taya a ƙara masa iska, sai ya ce kyauta ne, amma a miƙo waya a danna taurari biyar. Ya bi 'yan'uwansa gida gida. Ya roƙi Mama, ita kuma ta saki saƙon murya a guruf ɗin ƙawayenta, daga nan ya bazu zuwa guruf ɗin surukansu da na maƙwabtan surukansu. A cikinsu duka babu wanda ya taɓa ba ɗan tsako ɗaya ruwa.

Kafin azahar Manaja ya tara mu, baki har kunne.

"Barkanmu! Mara lafiya ya warke da kansa. Zancen gyara a ajiye shi. Ƙarshen wata kowa ya koma kan sabon wasan tseren motoci, wanda za mu sayar."

Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba. "Yallaɓai, ai bai warke ba. Mutanen nan ba su buga wasan ba, dangi ne da direbobi."

"Shagon wasanni ya san dangi? Mai sauke wasa lamba yake kallo, ba ya tambayar wa ya danna."

"Kajin mutane fa har yanzu ɓacewa suke."

"Ga shi kuwa suna sa albarka."

"Saura kaɗan in gama, yallaɓai. Na yi wa mutane alƙawari."

Ya jefa gyaɗa a baki ya tauna a hankali. "Ke kika yi, ba kamfani ba."

Ban san yadda na sauko daga matattakalar nan ba. A mota ina ta haɗiye kuka, duk shagon taya da muka wuce sai na ji kamar in sauka in sace iskar tayoyin ɗaya bayan ɗaya.

Na iso gida na tarar da Mama da Gwaggo, ƙanwar babana, a falo, an baje kofunan shayi ana hira. Mama na ganina ta washe baki.

"Ga ta nan, mai taurari! Kin ga miji ko? Wanda zai tashi gari guda saboda an ɓata miki rai."

Gwaggo ta ce, "Ni ma na danna, har a wayar mai aikina. Ni ce na ce na san ki tun kina goye."

"Na gani, Gwaggo. Duniya ma ta gani."

"To me ye na ɗaure fuska?" in ji Mama.

"Mama, an soke min aikina. Saboda taurarin nan Manaja ya ce ba za a yi gyaran ba."

Ta ajiye kofi ta dubi Gwaggo. "Kin ji min yarinya! An zage ta ta yi kuka, an yabe ta ta yi kuka. Ke wai me kike so a duniyar nan?"

Na buɗe baki zan yi bayani, na ga ba inda zai shiga. Na wuce ɗaki na cire mayafi na wurga shi kan gado. Wayata ta yi ƙara, saƙon Mai Taya ne, har da hoton taurarin ya zagaye su da jan layi: "Gimbiya, kin gani? Wa zai ƙara taɓa ki?"

Ban tsaya rubutu ba, kiransa na yi.

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Ka taɓa buga wasan nan?"

"Na sauke shi dai."

"Ban ce saukewa ba. Ka buga?"

"Kin san yanayin shago…"

Nan na zazzage masa komai, ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Na gaya masa cutar wasan, da ƙa'idar Manaja ta gawa da lafiyayye da na tsakiya, da alƙawarin da na bi mutane ɗaya ɗaya na yi musu. Na ce masu zagin nan su ne suka damu da wasan, don sai abin da ka so yake ɓata maka rai, shi kuma ya kwaso mutanen da ko zakara ba su gani ba ya binne muryarsu.

"Innalillahi," ya ce. "To bari in sa su koma su danna ɗaya ɗaya, yanzun nan…"

"Ka ji matsalarka! In ya faɗi ƙasa a binne shi gaba ɗaya? Kada ka ƙara sa kowa komai. Kada ka kira kowa, kada ka aiko kowa."

"To me zan yi?"

"Abin da ba ka taɓa yi ba. Ka zauna ka ji inda ke ciwo kafin ka sayo magani."

Na kashe wayar.

Daga ranar ya yi ɗif. Babu kira, babu saƙon barka da safiya mai hoton fure, babu direbansa da ledar kyauta. Na ce a raina hutu ya same ni, amma ban san me ya sa nake yawan juya wayar in duba ba. Mama ta sa ni gaba, wai na kori ɗan mutane da baƙin halina. A ofis kuma na fara tattara aikin gyaran ina ajiyewa gefe, agwagin Mai Zane suna ta rangaji a allon kwamfuta babu mai ganinsu sai mu. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne matar nan mai makullin mota. Ta dawo ta ƙara layi ɗaya a ƙarƙashin ra'ayinta: "Ashe taurari kuka saya maimakon gyara. Mun gane." Na karanta na shiga banɗaki na yi kukana na wanke fuska.

Ana saura mako guda wata ya ƙare, da safe ina kicin ina jiran ruwan shayi ya tafasa, na leƙa shafin kamar yadda na saba. Sai ga sabon ra'ayi a sama, tauraro ɗaya tal, da sunan shagon tayarsa ɓaro ɓaro.

"Na yi kiwon kajina a shago, in babu ciniki. Na samu wani jan zakara da nake ji da shi. Mai kawo min kaya ya kira ni, na koma na tarar babu ko ɗaya. Na ɗauka kuskurena ne, na sake farawa, na sa maƙwabcina mai gyaran birki ya kira ni da gangan, suka sake tafiya. Wasan yana da daɗi, shi ya sa abin ya yi min ciwo. Wadda ta haɗa shi ta yi alƙawarin gyara, a bar ta ta cika. Taurari biyar da na bayar a baya ƙarya na yi, lokacin ban buga ba."

Ruwan ya tafasa har ya fara zuba ban sani ba. 'Yan'uwa, na sha karɓar turare da atamfa da agogo daga hannun mutumin nan, babu wanda ya taɓa min zuciya kamar tauraron nan guda ɗaya. Sai dai na san murya ɗaya ba za ta motsa tulin addu'o'in da aka jibge mana ba, aikina dai yana nan a soke.

Ban gama shanye shayin ba na ji salatin Mama daga ɗaki. Gwaggo ta ɗauki hoton ra'ayin ta watsa a guruf. Mama ta fito ɗankwali a hannu, ko ɗaurawa ba ta tsaya yi ba.

"Tauraro ɗaya! Ɗaya! Ya tozarta min 'ya a bainar jama'a, har da sa sunan shagonsa don kowa ya shaida! Ashe haka yake? To wallahi ya bar ganin ƙofar gidan nan."

"Mama, gaskiya ya faɗa."

"Gaskiyar gidansu! Ke da kike gudunsa, yau ke ce lauyarsa?"

Ku duba min wannan juyin. Watanni ana tura ni wajensa ina tirjewa, ranar da ya fara burge ni kuma ranar aka rufe masa ƙofa. Na ce, "Mama, kajin suna ɓacewa da gaske."

"Ƙarya yake, bai iya kiwo ba. Sa min wasan a wayata in gani da idona, in ƙaryata shi a gaban kowa."

Na sa mata. Ta ɗauko tabarau ta zauna a doguwar kujera, ta ɗora ƙafa a kan matashi, tana danna 'yan tsaki da ɗan yatsa ɗaya kamar mai tsoron kada su cije ta. Kafin yamma ta daina tambayata komai. Washegari shinkafa ta kama a tukunya saboda ana kwashe ƙwai. Ta raɗa wa kajin sunayen ƙawayenta, wata fara mai ƙiba da ke ture sauran wajen cin dusa kuma ta sa mata Gwaggo. Ta umarci matan guruf duk su fara kiwo, don a taru a kunyata Mai Taya. Da yake Mama duk harkarta saƙon murya ce, ba kasafai ake kiranta ba, sai akurkinta ya yi ta cika. Kullum sai ta ɗago min wayar.

"Ina ɓacewar? Ga su nan ƙalau. Na ce miki bai iya ba."

Ranar Lahadi da hantsi ina ninke wanki a falo, saƙonsa ya shigo, na farko tun ranar da na wanke shi.

"Barka da hutawa. Mama tana gida?"

Na amsa masa, "Tana nan. Fushi take da kai sosai."

"Na sani. Me take yi yanzu?"

"Tana ba kajinta dusa. Wai za ta ƙaryata ka."

Na ga alamar ya karanta. Na ɗauki zanen gado zan ninke, sai wayar Mama ta ɗau ruri a hannunta. Ta matso da ita kusa da tabarau ta ga sunan, ta ja dogon tsaki.

"Ka ji marar kunya. Da wane bakin zai yi min magana?"

Ta katse kiran da ƙarfi, ta koma wasanta. Na tsaya da zanen gado a hannu.

"Auta."

"Na'am, Mama."

"Ina kajina?"

Ta juya wayar ta duba bayanta, ta girgiza ta, ta cire tabarau ta goge da bakin zani ta mayar. Akurki wayam, kwanon dusa cike, babu mai ci.

"Ina Gwaggo? Yanzun nan fa ta yi ƙwai! Ke, wane marar imanin ne ya haɗa wannan abu?"

"Ni ce, Mama."

"Kuma kin san haka yake kika bar shi a hannun bayin Allah?"

"Shi ne gyaran da na ce miki an hana ni."

"Wa ya hana ki?"

"Taurarinku biyar biyar. Manaja ya ce tunda kowa yana sa albarka, babu abin gyarawa."

Abin da na yi kwana da kwanaki ina son faɗa mata, farar kaza ɗaya ta faɗa mata shi cikin ƙiftawar ido. Ta gyara zama, ta danna wajen saƙon murya, ta yi gyaran murya irin na shugabar taro.

"Salamu alaikum 'yan'uwa. Duk wadda take kiwo, ta sa 'yar'uwarta ta kira ta tana cikin wasan, ta gani da idonta. An cuce mu. In kin gani, ki koma wajen taurarin nan ki faɗi abin da ya same ki."

Na yi wuf na riƙe hannunta. "Mama, a hankali! In suka faɗi ƙasa sosai, binne wasan zai yi gaba ɗaya."

"To nawa kike so in danna?"

"Ba abin da nake so ba, abin da kika gani."

Ta yi tunani, bakinta a tunzure. "Kajin suna da kyau. Ɓacewar ce ba ta da kyau." Ta danna uku, sannan ta sa ni na rubuta mata ra'ayi tana faɗa ina bugawa, har da cewa wanda ya hana gyara ya ji tsoron Allah.

Ranar ba a yi girkin kirki a gidaje da yawa ba. Guruf ya kaure da salati, wannan ta kira waccan, waccan ta rama. Gwaggo ta turo saƙon murya mai tsawo tana jimamin kajinta, ba ta san an taɓa yin wata mai sunanta ba. Kafin tsakiyar mako taurarinmu sun sulalo ƙasa da huɗu, saman shafin kuma ya cika da iyaye mata masu makoki, kowace da sunayen kajinta da sunan wanda ya kira ta.

Ina zaune a ofis Manaja ya zo ya tsaya a kaina. Yau babu gyaɗa a hannunsa.

"Wace ce wannan da ta ce in ji tsoron Allah?"

"Wata mai kiwo ce, yallaɓai."

Ya sosa ƙeya. "Agwagin nan suna nan?"

"Suna nan."

"To a saki gyaran ƙarshen wata. Tseren motoci ya jira."

Mai Zane ta taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur don kada in yi ihu. Abu na farko da na yi bayan ya juya, na nemo matar nan mai makullin mota na rubuta mata, "Ba mu sayi komai ba, dangi ne suka yi mana yawa. Gyaranki yana nan ƙarshen wata, ki yi wa maigida afuwa."

Da yamma na dawo gida na tarar da Mama a doguwar kujerarta, ta sake farawa da 'yan tsaki, ta hana kowa kiranta. Na zauna a kan kafet ina cire takalmi, saƙon Mai Taya ya shigo.

"Allah ya mayar wa Mama da alheri. Na ji an yi rashi."

Na rubuta, "Da gangan ka yi."

"Kin ce kada in sa kowa komai, ban sa kowa ba. Gaisuwa kawai na kira in yi."

"Na kuma ce kada ka kira kowa."

"Wannan kam na karya, a yi min afuwa. To ni a wajenki taurari nawa ne?"

Ku ji min ƙarfin hali! Mutumin da ya kusa kashe min aiki, ya sa duniya ta san an taɓa goya ni, ya hallaka kajin mahaifiyata da rana tsaka. Na rubuta ɗaya na goge. Na daɗe yatsana a kan allon, sannan na tura masa, "Uku."

Amsar ba ta ɓata lokaci ba. "Alhamdulillahi, ba a binne ni ba. Na tsakiya aka ce ana zama a gyara. Ina jiran nawa gyaran."

Dariya ta ƙwace min kafin in toshe baki. Mama ta leƙo ni ta saman tabarau.

"Wa ke sa ki dariya?"

"Ba kowa, Mama."

"To ki gaya wa ba kowan nan ya zo ranar Asabar, ina son ganinsa. Amma saƙo zai turo. In ya kuskura ya ƙara kirana kafin ki gama gyaran nan, wallahi ko ke kin amince ni na fasa."

Ta koma kan 'yan tsakinta. Na jira bakina ya ce "Ina tunani" kamar yadda ya saba, shiru bai ce ba. Mama kuma ta lura, don na ga tana murmushi, kuma ba kajin take kallo ba.